Yadda ake gane ciwon hanjin da ake kira IBS da yadda ake shawo kansa

Wanda bai taɓa fama da shi ba da wuya ya gane abin da nake nufi. Ka tashi da safe ciki na murɗawa, ka shiga banɗaki sau uku kafin ka samu ka fita aiki, ko kuma akasin haka, kwana uku kwana huɗu bayan gida ya ƙi zuwa, ciki ya yi tam, wandon da ka sa da safe lafiya lau zuwa la'asar ya matse ka kamar ba naka ba. Ka je asibiti a ɗebi jini, a yi sikanin, a duba bayan gida, sakamako ya fito a ce maka ai komai lafiya. Wannan ya ce olsa ce, wancan ya ce basir ne, wani ya ce taifod ce ba ta gama fita ba, kai kuma ka yi ta ɗirka magani ba sauƙi, har a gida a fara yi maka kallon mai raki. Ni na yi shekaru a wannan halin kafin wani likita ya zaunar da ni ya saurare ni tsaf ya ce abin da ke damuna sunansa IBS, kuma wallahi jin sunan kaɗai ya sauke min wani nauyi daga ƙirji. Shi ya sa nake son in bi da kai mataki-mataki yadda abin yake.

Mataki na farko: ka fahimci abin da ke faruwa a cikinka

A IBS hanjin bai da gyambo, bai da ƙari, bai ruɓe ba, ko kyamara aka zura za a gan shi fes. Matsalar tana wajen yadda yake aiki da yadda yake magana da ƙwaƙwalwa. Tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa akwai jijiyoyi da ke kai saƙo suna kawowa dare da rana, shi ya sa in gabanka ya faɗi sai ka ji ciki ya juya. To mai IBS wannan layin nasa ya cika ƙarfi, iskar da za ta wuce a cikin wani ko ji bai yi ba, shi sai ya ji ta kamar ana matse masa hanji. Sannan motsin hanjin kansa ba ya tafiya daidai, wani lokaci ya yi sauri abinci ya wuce ruwa bai gama tsotsuwa ba sai gudawa, wani lokaci ya yi nawa bayan gida ya bushe ya yi tauri. Akwai sinadarin da ake kira serotonin, mutane sun fi saninsa da harkar yanayin zuciya, amma kusan kashi 90 cikin 100 nasa a hanji yake, kuma yana cikin masu tafiyar da wannan motsin.

Me ke jawo shi? Ba abu ɗaya ba ne. Wasu yana fara musu ne bayan sun yi wata muguwar gudawa ta gurɓataccen abinci ko ruwa, cutar ta warke amma hanjin bai koma yadda yake ba, kusan mutum 1 cikin 10 da suka yi irin wannan gudawar kan samu kansu a haka. Wasu bayan doguwar damuwa, wasu bayan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta da ya hargitsa ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanji, wasu kuma a danginsu ake yi. Ya fi kama mata, kuma yawanci yana farawa ne kafin shekara 50, sau da yawa tun ana samari da 'yan mata.

Ka riƙe wannan da kyau domin shi ne abin da ya fi hana mutane barci: IBS ba ya rikiɗewa ya zama kansa, ba ya cinye hanji, ba ya rage kwana. Amma ciwon da kake ji na gaske ne, kada kowa ya ce maka tunani ne kawai.

Mataki na biyu: ka tabbatar ba wani abin ba ne

Nan ne ba na son kowa ya yi gaggawa, domin akwai cututtuka masu haɗari da kan shigo da kamannin IBS. In kana ganin jini a bayan gida, ko bayan gidan ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, in kana ramewa ba tare da ka rage cin abinci ba, in an ce kana da ƙarancin jini, in zazzaɓi na zuwa tare da ciwon cikin, in gudawa na tashinka daga barci cikin dare, in ka taɓa wani ƙullutu a ciki, in abin ya fara maka ne bayan ka haura 50, ko kuma a gidanku akwai wanda ya yi kansar hanji, to dan Allah ka ajiye wannan rubutun ka je ka ga likita tukuna. 'Yar'uwa, ke kuma in kumburin cikin ba ya sauka ko da safe, kullum yana nan, ga saurin ƙoshi, musamman in kin manyanta, ki nemi a duba miki ƙwan mahaifa, kada ki ce ai iska ce.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan, likitoci suna da ma'aunin da suke bi, ana ce masa ƙa'idar Rum ta 4, ta fito a 2016. Abin da ta ce shi ne mutum yana ciwon ciki aƙalla rana 1 a kowane mako cikin wata 3 da suka wuce, abin kuma ya fara aƙalla wata 6 baya, sannan ciwon yana haɗe da biyu cikin abubuwa uku: yana da alaƙa da yin bayan gida, ko ya lafa ko ya ƙaru in an yi, ko yawan zuwa banɗaki ya canza, ko kamannin bayan gidan ya canza. Ka lura ciwo na cikin sharaɗin. Gudawa zalla ba ciwon ciki, wannan wani zance ne daban.

Gwaje-gwajen da ake buƙata ba su da yawa. Gwajin jini na duba ƙarancin jini da alamar kumburi, gwajin cutar siliyak wadda jiki ke faɗa da gulutin na alkama, in akwai gudawa a duba bayan gida ko akwai ƙwayar jiyadiya da sauran 'yan'uwanta, sai wani gwajin bayan gida mai suna kalfurotektin da ke nuna ko hanji na da kumburi na gaske. Abu ɗaya mai muhimmanci, kada ka daina cin alkama kafin gwajin siliyak, in ka daina sakamakon zai iya fitowa lafiya alhali cutar na nan. Zura kyamara ta dubura ba kowa ke buƙata ba, sai mai waɗancan alamomin ko mai shekaru. Kuma in gudawarka ruwa ce tsululu, musamman in an taɓa cire maka matsarmama, ka tambayi likita ko ruwan maɗaci ne ke zubowa babban hanji, domin da yawa ana ce musu IBS alhali wannan ne, kuma yana da maganinsa na musamman.

Mataki na uku: ka san irin naka

Ba a yi wa kowa magani iri ɗaya. Akwai mai taurin bayan gida, akwai mai gudawa, akwai mai haɗawa, wannan makon tauri mako mai zuwa gudawa. Akwai wani jadawali da aka fitar a Biristol ta Ingila a 1997 da ya kasa bayan gida gida 7, na 1 da na 2 su ne masu tauri guntu-guntu, na 3 da na 4 su ne lafiyayyu, na 6 da na 7 su ne masu ruwa. Ka nemi hotonsa a intanet ka ajiye a waya, zai taimake ka wajen yi wa likita bayani ba sai ka yi ta kame-kame don kunya ba, kawai ka ce yawanci lamba 6 nake yi, shikenan ya gane.

Mataki na huɗu: littafi da biro na mako biyu

Wannan matakin mutane ke rainawa, alhali duk sauran a kansa suka tsaya. Ka samu ƙaramin littafi ko ka buɗe wajen rubutu a wayarka, tsawon mako 2 kada ka canza komai a rayuwarka, kawai ka rinƙa rubutawa. Me ka ci, ƙarfe nawa, yawansa, me ka sha, awa nawa ka yi barci, ranka ya ɓaci ko kana cikin fargaba, sau nawa ka je banɗaki, lamba nawa ka yi, ciwon in an auna daga 0 zuwa 10 ina ya kai. Mata ku haɗa da kwanakin al'ada, domin da yawa cikinsu ya fi rikicewa gab da zuwanta da kwanakin farko.

Dalilin rubutun shi ne ƙwaƙwalwa na yaudarar mutum. Ciki na murɗawa sai ka ɗora laifin a kan abin da ka ci yanzun nan, alhali abin da ka haɗiya minti goma da suka wuce ko kusa da babban hanji bai je ba. Abin da ke faruwa shi ne da zarar abinci ya sauka a tumbi sai babban hanji ya samu saƙo ya fara motsi don ya ba da wuri, kowa haka jikinsa yake, amma na mai IBS da ƙarfi yake yi. Mai laifin gaske sau da yawa abin da ka ci ne awanni da dama baya, ko ma jiya. Ni na daɗe ina zargin ƙwai na daina ci gaba ɗaya, sai da na yi rubutun nan na ga ashe albasar da ake soya shi da ita ce, kuma ranakun da na fi shan wuya su ne waɗanda na kwana ban yi barcin kirki ba.

Mataki na biyar: gyara yadda kake ci kafin ka taɓa abin da kake ci

Da yawa suna samun sauƙi tun a nan ba sai sun kai ga hana kansu komai ba. Ka rinƙa cin abinci a kan lokaci, kada ka wuni da yunwa sannan da daddare ka cika tumbi dam, wannan yana tayar da hanji sosai. Ka ci a zaune, a hankali, ka tauna da kyau, mai ci da sauri iska yake haɗiya. Ruwa kamar kofi 8 a rana. Shayi da kofi kada su wuce kofi 3, in kuma mai gudawa ne gara ka rage fiye da haka. Lemon kwalba mai gas, abinci mai maiƙo sosai, soye-soye, yaji mai yawa, da giya ga masu sha, duk suna cikin masu tada zaune tsaye. Cingam da alawar da aka rubuta ba sukari a jikinsu yawanci akwai sobitol a ciki, shi kuma yana jawo ruwa cikin hanji ya sa gudawa da iska. 'Ya'yan itace suna da amfani amma kada ka zauna ka cinye tuli a zama ɗaya, ka raba su kashi 3 a wuni, kowane kamar giram 80.

Sai maganar harza, wato ɓangaren abinci da ba ya narkewa. Kowa zai ce maka ka ƙara, amma iri biyu ne. Akwai mai jiƙa ya yi yauƙi, kamar na hatsin ots da garin isfagula da ake sayarwa a kemis, wannan yana taimako, yana tausasa mai tauri kuma yana ɗaure mai ruwa. Akwai kuma mai kaushi irin dusar alkama, shi kam sau da yawa ƙara kumburi da ciwo yake yi. In za ka fara isfagula ka fara da kaɗan, kamar ƙaramin cokali ɗaya a rana da ruwa cikakken kofi, bayan kwanaki ka ƙara, in ka afka da yawa lokaci ɗaya iska za ta dame ka har ka ce bai karɓe ka ba.

Ka ba wannan gyaran kamar mako 4 kana ci gaba da rubutu.

Mataki na shida: tsarin FODMAP, in na baya bai wadatar ba

Masu bincike a Jami'ar Monash da ke Melbon a Ostareliya ne suka tsara shi. Bayaninsa a sauƙaƙe, akwai wasu nau'o'in sukari a cikin abinci, su ake kira FODMAP, da ƙaramin hanji ba ya iya tsotse su da kyau, sai su jawo ruwa, su gangara babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke can su far musu su yi ta fitar da iska. Ga mai lafiyayyen hanji tusa ce kawai, ga mai IBS kuwa kumburi ne da murɗa.

Masu yawan wannan sukarin sun haɗa da albasa da tafarnuwa, su ne kan gaba, sai alkama da duk abin da aka yi da ita kamar burodi da taliya, wake da danginsa, madarar shanu saboda sukarin cikinta da ake kira laktos, tuffa, mangwaro, kankana, zuma, farin kabeji, naman kaza da kashu. Waɗanda ba su cika damun hanji ba akwai shinkafa, dankalin turawa, ƙwai, kifi, kaza, nama, karas, kokwamba, alayyafo, lemu, gwanda, gyaɗa, da ayabar da ba ta nuna lugub ba.

Ana yinsa ne hawa uku, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya tsaya a hawa na farko. Hawa na farko ka janye masu yawan nan duka na mako 2 zuwa 6, kada ya wuce haka. In ka cika mako 6 ba ka ga canji ba, to matsalarka ba a nan take ba, ka koma cin abincinka ka nemi wata hanyar, babu amfanin ka yi ta azabtar da kanka. In kuwa ka ji sauƙi sai hawa na biyu, dawo da su ɗaya bayan ɗaya. Misali ka ɗauki madara, ranar farko rubu'in kofi, ta biyu rabi, ta uku cikakke, sauran abincinka na nan yadda yake ba ka ƙara komai ba, ka rubuta abin da ka ji. Sai ka huta kwana 2 ko 3 ciki ya kwanta, ka ɗauko zuma ka yi mata haka, sannan burodi, sannan albasa, sannan tafarnuwa, sannan wake, a haka har ka zagaye, yakan ɗauki kamar mako 6 zuwa 8. Hawa na uku shi ne ka gina cin abincinka a kan abin da ka gano, mai yiwuwa ka tarar abu biyu ko uku ne kawai ke damunka, su ma ɗin sai ka ci da yawa.

Ina nanata kada a zauna a hawa na farko saboda waɗannan abincin su ne abincin ƙwayoyin halitta masu amfani na hanjinka, kuma mutum in ya yi ta janye abinci sai ya wayi gari yana tsoron komai, ya rame, ya daina cin abinci cikin mutane. Na ga wanda ya koma shinkafa fara da ruwa kawai, abin tausayi. In da hali ka yi shi da masanin abinci na asibiti. Mai juna biyu, yara, wanda ya riga ya rame, da wanda ya taɓa samun matsalar ƙin cin abinci, kada su fara sai da likita.

Ga wata dabara ga wanda girki ba tafarnuwa ba ya masa daɗi. Sukarin da ke cikinta a ruwa yake narkewa, ba ya narkewa a mai. Sai ka yanka ta manya-manya ka soya a mai, ka tsame ka zubar kafin ka zuba komai mai ruwa, ƙamshin ya shiga man. Ka yi amfani da shi nan take, kada ka ajiye tafarnuwa cikin mai kwana da kwanaki. Koren ganyen albasa shi ma yana maye gurbin ƙwallon.

Mataki na bakwai: magani, kowane da aikinsa

Babu ƙwaya ɗaya da ke warkar da IBS, ana zaɓen magani ne bisa abin da ya fi damunka. Don murɗawa akwai masu sassauta naman hanji irin su mebeverine da hyoscine wanda aka fi sani da Buscopan. Akwai kafso na man na'a-na'a, yana aiki sosai ga wasu, a haɗiye shi ɗungurungum kafin cin abinci, kada a tauna kada a fasa, in ya fashe a sama ƙwannafi zai sa ka. Don gudawa akwai loperamide, yana tsayar da ita amma ba ya cire ciwo, wasu kan sha kafin tafiya ko wani zama mai muhimmanci don hankalinsu ya kwanta, sai dai ba a shansa in akwai jini ko zazzaɓi. Don tauri akwai macrogol da ake damawa a ruwa, shi ya fi lactulose ga mai IBS domin lactulose na ƙara iska da kumburi. In tauri ya ƙi ji akwai linaclotide da likita ke rubutawa.

In waɗannan ba su yi ba likita zai iya kawo maganar amitriptyline, kuma a nan mutane kan ji haushi don sun ji an ce maganin ciwon damuwa ne, sai su ce wato ya ɗauke ni mai taɓin hankali. Ba haka ba ne ɗan'uwa. Ɗan kaɗan ake bayarwa, ana farawa da miligiram 10 da daddare, aikinsa a nan rage ƙarfin saƙon ciwo tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa. Wani babban gwaji da aka yi a Ingila aka fitar da sakamakonsa a 2023 ya nuna yana taimaka wa masu IBS da magungunan farko ba su yi musu ba. Yana sa barci da bushewar baki, yana iya ƙara tauri, shi ya sa ya fi dacewa da mai gudawa, kuma yana ɗaukar makonni kafin a ji aikinsa. Ba maganin da mutum zai saya wa kansa ba ne.

Ƙwayoyin furobayotik kuwa, wato ƙwayoyin halitta masu amfani ga hanji da ake sha, wasu na dacewa wasu ba sa ganin komai, in za ka gwada ka ɗauki iri ɗaya ka sha kullum daga mako 4 zuwa 12, in shiru ka bar shi kada ka ɓata kuɗinka.

Abin da nake roƙonka ka guje wa: tramadol da kodin don ciwon ciki, suna busar da hanji, suna ƙara ciwon a ƙarshe, ga kamu. Ibuprofen da diclofenac ba sa maganin wannan ciwon kuma suna iya ɓata tumbi. Shan maganin kashe ƙwayoyin cuta duk sanda ciki ya juya yana ƙara hargitsa hanjin ne. Haka masu tallar wankin ciki da ke cewa datti ne ya taru, gudawar dole kawai za su sa ka, jiki ya bushe, bayan kwana biyu ka koma inda kake ko ma fiye. Kuma kowane magani za ka gwada, ɗaya a lokaci guda, in ka haɗa uku ka samu sauƙi ba za ka san wanne ya yi ba.

Mataki na takwas: ɓangaren zuciya, barci da motsa jiki

Na san wasu ba sa son a zo nan, amma tunda layin nan na tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa hanya biyu ne dole a taɓa shi. Damuwa na tayar da hanji, hanjin in ya tashi ya haifar da fargaba, ka shiga mota kana lissafin ina banɗaki yake, wannan lissafin kansa ya sa ciki ya fara ƙugi, a haka abin ke zagayawa. Yanke wannan zagayen magani ne na gaske. Tun 1984 likitoci a Manchesta suka nuna wani salon kwantar da hankali da ake mayar da tunani kan hanji yana rage ciwon, haka zama da masanin halayyar ɗan'adam ya koya maka yadda za ka canza tunanin fargabar, dukansu yanzu suna cikin hanyoyin da ake ba masu IBS shawara.

Abin da za ka iya farawa yau shi ne numfashin ciki. Ka kwanta ko ka zauna, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a kan cibiya, ka ja iska ta hanci a hankali har hannun cibiyar ya ɗaga na ƙirjin bai motsa ba, ka sake ta a hankali fiye da yadda ka ja, minti 5 zuwa 10, safe da dare, da kuma duk sanda ka ji murɗar na tahowa. Tafiyar ƙafa minti 20 zuwa 30 yawancin ranakun mako tana taimakon hanji ya motsa, iska ta fita. Barci kuma ka ba shi haƙƙinsa, lokacin kwanciya ɗaya, waya a gefe, kada ka ci mai nauyi gab da kwanciya.

Mai tauri ya saba wa kansa shiga banɗaki bayan karin safe, lokacin hanji ya fi motsi, in ya ji bayan gida kada ya riƙe. In masan zama ne ka sa ɗan abin taka ƙafa gwiwoyi su ɗara ƙugu tsawo, ka ɗan sunkuya gaba, kada ka yi ta yunƙuri, in minti 10 ta wuce shiru ka tashi, yawan yunƙurin ne ke kawo basir ɗin gaske.

Kuma ka gaya wa na kusa da kai, mijinki ko matarka ko wanda kuke aiki tare, ba sai ka yi dogon bayani ba, kawai ina da matsalar hanji wani lokaci sai na tashi da sauri. Ɓoyewar kanta wani nauyi ne.

Mataki na tara: ranar da ya motsa

Zai motsa, ko da ka yi komai daidai, haka ciwon yake, ya lafa wata da watanni sannan ya dawo. Ranar kada ka tsorata kada kuma ka ƙi cin abinci gaba ɗaya. Ka koma masu sauƙi da ka riga ka san ba sa damunka, kaɗan-kaɗan, ka ajiye kofi da maiƙo da yaji na kwana biyu, ka ɗora tsumma mai ɗumi ko robar ruwan zafi a ciki, ka sha maganin murɗar da likita ya ba ka, in gudawa ce ka yawaita ruwa har da ruwan gishiri da sukari in ta yi yawa. Bayan ya lafa ka buɗe littafinka ka duba kwana biyun da suka gabata, barci, damuwa, tafiya, wani sabon magani, al'ada, yawanci za ka ga bakin zaren.

Amma in ka ga salon ya canza daga yadda ka saba, ciwon ya koma wani waje daban ya tsaya cak, ko jini ya bayyana, ko kana ramewa, ko ya fara tashinka cikin dare, ko amai ya ƙi tsayawa, kada ka ce ai IBS ɗina ne. Mai IBS ma yana iya kamuwa da wata cutar kamar kowa, ka koma asibiti a sake duba ka, ka tafi da littafin naka a hannu.